Sa'a Ta Fi Manyan Kaya: Tsofaffin Kayan Adon Doki da Ma'anarsu a Tarihinmu

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a cikin dabbobin gida babu wadda Bahaushe ya ɗaukaka kamar doki. Daga sunansa aka samo sunayen manyan sarautu irin su Madawaki da Sarkin Dawaki, kuma dominsa aka naɗa Shamaki ya riƙe barga. A ranar hawan Salla, ko a Kano ne ko Katsina ko Zazzau, ko kuma a nan Keffi inda jama'a kan ɓullo daga Yara da sauran unguwanni su yi dafifi a hanyar fada, abin da ya fi jan idon mai kallo shi ne kayan da aka ɗora wa dawaki: jalala mai aiki, da ɗan ƙirji mai tuntaye, da ƙarafan da ke rawa a fuskar doki, da jerin layu a wuyansa. Yawancinmu mukan ɗauki waɗannan abubuwa a matsayin kwalliya zalla, wadda aka yi domin burgewa da nuna isa.

A wannan maƙala muna so mu nuna cewa magabata ba su raba ado da tsari ba. A wurinsu abin da ke ƙawata doki shi ne ke kare shi, shi ne kuma ake fatan ya jawo wa mahayinsa sa'a a ranar da ake buƙatarta. Za mu bi tarihin waɗannan kaya tun daga shigowarsu, mu duba abin da malamai suka ce a kansu, sa'an nan mu tsaya a kan shekarun 1902 da 1903, lokacin da wata fitina da ta tashi a Keffi ta kai su ga gwajin da ba su taɓa gamuwa da irinsa ba.

Shigowar Doki da Kayansa

Masana tarihi sun nuna cewa tun zamani mai nisa akwai ƙananan dawaki a wannan yanki, irin waɗanda muke kira kuru, kuma akan hau su ba sirdi ba likkafa. Manyan dawaki da kayan hawansu sun zo ne daga baya, ta hanyar Sahara da ƙasar Barno, wajen ƙarni na 13 zuwa na 14. Harshenmu ma shaida ne a kan haka. Kalmomin sirdi da linzami da likkafa da lifidi duka aro ne daga Larabci. Abin lura a nan shi ne, harafin "l" da ke farkon linzami da likkafa da lifidi ragowar "al" ce ta Larabci, kamar yadda muke gani a littafi da liman da lahira. A wannan aji kalmar laya take, domin asalinta daga "aya" ne. Ke nan kayan ƙarfen da ke sarrafa doki da rubutun da ke tsare shi daga tushe guda suka iso mu.

Littafin Tarihin Kano ya ba mu hoto mai ban sha'awa game da wannan haɗuwa. Ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a ƙasar Hausa. Amma duk da wannan sabon shiri, da ya kara da Zazzau bai ji da daɗi ba. Sai ya koma ga Sarkin Tsibiri, mai riƙe da tsafin kakanni, wanda ya sa shi ya sare reshen wata itaciya. A cikin reshen aka sami jan maciji, aka kashe shi aka ɗinka huffi da fatarsa, aka sassaƙa ganguna da itacen. Bayan haka ne, in ji littafin, Kanajeji ya koma ya ci Zazzau da yaƙi. Ko mai karatu ya gaskata labarin ko bai gaskata ba, abin da marubucin yake faɗa a fili yake: sarkin da ya kawo ƙarfe bai amince wa ƙarfe shi kaɗai ba.

A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, doki ya ƙara zama alamar mulki. Shi ne aka danganta wa fara dawakin zage, waɗanda ake ja a gaban sarki da cikakken ado babu kowa a kansu, tare da kakaki da figini. Haka nan a Barno, lokacin da Baturen nan Dixon Denham ya isa Kukawa a watan Fabrairu na 1823, ya tarar da barade sanye da sulke, an kuma rufe fuskokin dawakinsu da faifan baƙin ƙarfe da tagulla da azurfa, an bar wa idanu kafa kawai. Idan muka dubi wannan bayani za mu ga cewa faifan garkuwa ne, amma zaɓen azurfa da tagulla bai da alaƙa da tare kibiya, tun da baƙin ƙarfe ya fi su ƙwari. An zaɓe su ne domin su yi ƙyalli.

Dalilan Neman Tsari

Me ya sa doki ya fi saniya ko jaki buƙatar laya? Dalili na farko shi ne tsada. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ruwaito a farkon ƙarni na 16 cewa Sarkin Barno kan ba da bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya. Ƙarfin kowace daula kuwa da yawan dawakinta ake auna shi. Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano na iya fitar da mahaya 7,000.

Dalili na biyu shi ne saurin mutuwa. Yayin da aka nausa kudu wajen kogin Binuwai, ƙudan tsando yana yawaita, shi ne kuma ke ɗauke da cutar sammore. Ingarman da aka sayo daga arewa da dukiya mai yawa sai ya soma ramewa a turke, ya daina cin harawa, ya mutu cikin 'yan watanni, babu rauni babu alamar komai. Mutanen da ba su ga ƙwayar cuta ba, domin sai a ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai da kansu suka gano alaƙar tsando da wannan ciwo. Abin da suka gani shi ne lafiyayyen doki ya lalace bayan an yi kallonsa an yaba.

Wannan ya kai mu ga dalili na uku, wato kambun baka. Bahaushe ya yi imani cewa yabo marar tubarkalla yana iya karya abin da aka yaba, doki kuwa dabba ce da ba a ɓoye ta, domin a tsakiyar taro ake fito da ita. A fahimtarmu, a nan ne ƙyalli da ƙara suka sami aikinsu na biyu. Ƙarafan da ke walƙiya a goshi da ƙaraurawar da ke kaɗawa a ƙirji su ne ke fara tarbar ido da bakin mai kallo kafin su kai ga jikin dabbar. Bugu da ƙari, a tsohon tunanin Bahaushe doki yana da kusanci da abin da ba a gani. Ba banza ba ne 'yan bori ke kiran namijin da iska ta hau doki, macen kuma goɗiya.

Abin da ke Cikin Laya

Layar doki aikin mutum uku ce. Malami ne ke rubuta ayoyi ko sunayen Allah ko hatimi a takarda, ya naɗe ta ya ɗaure da zare. Baduku ne ke rufe ta da fata, galibi jar fatar akuya wadda aka rina da karan dafi, irin fatar da fatake suka yi ta kaiwa Arewacin Afirka har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Idan mai dokin mai hali ne, sai maƙerin fari ya yi mata kube na azurfa ko na tagulla. Mafi yawan azurfar daga narkakken liyari aka same ta, wato kuɗin Maria Theresa na ƙasar Ostiriya, waɗanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsu, suka kuma yi yawo a kasuwanninmu cikin ƙarni na 19.

Hatimi kuwa ba zane ne na ganin dama ba, lissafi ne. Mafi shahara shi ne mai gida tara, inda ake jera lambobi daga 1 zuwa 9 ta yadda duk layin da aka bi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimillarsa 15 ce. A kusurwoyinsa huɗu akwai 2 da 4 da 6 da 8, waɗanda a lissafin abjadi su ne haruffan ba da dal da wawu da ha. Daga haɗuwarsu aka sami kalmar "buduh", wadda ta zama baduhu a bakin Bahaushe, wato asirin ɓacewa daga idon abokin gaba. Ƙasar Hausa ta yi fice a wannan ilmi. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 yana cikin malaman da ake girmamawa a can. Saboda haka tsohuwar layar da ke rataye a wuyan doki tana iya ƙunsar rubutun hannu da ilmin lissafi da sana'ar dukanci da ta ƙira a dunƙule.

Ba mu kaɗai muka yi wannan ba. Baraden Rumawa sun rataya wa dawakinsu ƙarafa masu siffar jinjirin wata. A Ingila kuma, a zamanin Sarauniya Victoria, daga 1837 zuwa 1901, maƙera sun yi ta ƙera zobba da abubuwan maƙalawa a riga na zinariya da azurfa masu siffar takalmin ƙarfen da ake buga wa kofaton doki, domin a wurinsu wannan takalmi alamar sa'a ce. Har yau ana cinikin tsofaffin a kasuwannin kayan tarihi na Turai. Mu a nan ba a saba buga wa doki takalmi ba, don haka wannan alama ba ta sami gindin zama a al'adarmu ba. A can alamar ta sauka daga doki ta koma ƙirjin mutum ta zama abin ƙawa. A nan kuwa ta zauna a goshin doki da wuyansa, kuma rubutu ne cikinta.

Matsayin Malamai

Musulunci ya ƙara wa doki daraja. Akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Adiyat, wadda ta buɗe da rantsuwa da dawaki masu gudu, akwai kuma hadisi a Buhari da Muslim da ke nuna cewa alheri yana tare da gashin goshin dawaki har zuwa tashin ƙiyama. Ba abin mamaki ba ne idan goshin doki ya zama wurin da aka fi yi wa ado. Amma a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu suka dogara a kanta, an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika a tsinke tsirkiyoyin da aka rataya a wuyan raƙuma, Malik kuma ya fassara cewa an rataya su ne don tsoron kambun ido. Tsakanin waɗannan ruwayoyi biyu muhawarar ta zauna shekaru aru-aru. Wasu malamai sun halatta laya idan abin da ke ciki Alƙur'ani ne, kuma mai ita ya san Allah ne ke tsarewa. Wasu kuma sun ƙi ta ɗungum.

Shugabannin jihadi sun yi magana a kan ɓangarorin biyu, na asiri da na ado. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausar suka ga masu rubuta sunayen Allah da jini ko a kan ƙazanta. A yaƙin Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, an ruwaito cewa dawakin jama'ar Shehu ba su wuce 20 ba, amma suka karya rundunar Sarkin Gobir Yunfa mai 'yan lifida. A ranar an ga gaskiyar karin maganar da ke cewa sa'a ta fi manyan kaya. Sai dai ba a daɗe ba waɗanda suka ci nasara suka gaji bargar waɗanda suka kayar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka a cikin Tazyinul Waraƙat a kan yadda wasu daga cikin jama'a suka karkata ga tufafin alfarma da dawakin da ake sukuwa da su a cikin gari maimakon fagen fama.

Labarin Dirki na Kano ya dace a tuna shi a nan. Dirki wani ƙunshi ne da aka lulluɓe da fatu, sarakunan Haɓe suna yanka masa shanu domin tsaron gari. Sarki Muhammadu Alwali ya sa aka fasa shi, sai aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Tarihin Kano ya ce mutane sun yi masa kashedi cewa za a fitar da shi kamar yadda ya fitar da abin da ke cikin Dirki, kuma a 1807 mulkinsa ya ƙare a hannun masu jihadi. Idan rubutu ya daɗe a cikin fata, wata rana akan manta da rubutun a girmama fatar.

Keffi da Gwajin 1903

Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, garin kuma ya kasance ƙarƙashin Zazzau yana kai mata gaisuwa duk shekara. Baturen Jamus Gerhard Rohlfs ya ratsa ta cikinsa a 1867 ya same shi babbar mahaɗar fatake. Sunan garin daga kalmar kafi ya fito, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi. Amma Bahaushe yana da wani kafin kuma, shi ne asirin da ake binnewa domin tsaron gida ko gari. Kalma guda ce ta ɗauki tsari na zahiri da na ɓoye, kamar yadda kayan doki suka ɗauka. Kasancewar Keffi a bakin iyakar ƙasar tsando ya sa doki ya zama dukiya mai wuyar samu da wuyar riƙo a nan fiye da Kano ko Katsina.

A ranar 3 ga Oktoba 1902, Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, ya kashe Razdan na lardin, Kyaftin Moloney, a dandalin ƙofar fada. Ruwayoyi da dama sun ɗora laifin rikicin a kan tafinta. Magaji ya hau da mutanensa ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin hujjojin da Lugard ya kafa na tura runduna, Kano kuma ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu 1903. A ƙarshen wannan wata, kusa da Kwatarkwashi, baraden Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta kai hari a kan sojojin Turawa da ba su kai 50 ba, suna faɗuwa suna sake dawowa, har Wazirin ya kwanta dama. Sakkwato ta bi baya a ranar 15 ga Maris. A Burmi, ranar 27 ga Yuli, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru tare da ɗaruruwan mabiyansa, Magajin Keffi yana cikinsu.

Abu ne mai sauƙi mu ce lifidi da sulke da layu sun kasa a gaban bindiga mai ruwa, kuma gaskiya ne sun kasa tare harsashi. Amma wanda ya tsaya a nan bai fahimci aikin laya a fagen fama ba. Baraden Kwatarkwashi sun ga 'yan'uwansu suna zuba tun a harin farko, da layu a damtse da layu a wuyan doki, amma suka sake juya linzami suka koma. Ba jahilcin abin da harsashi ke yi ne ya mayar da su ba. Malamansu sun koya musu cewa laya sababi ce, ajali kuwa na Allah ne. Abin da ta ba mahayi shi ne ƙarfin zuciyar da zai zauna daram a kan sirdi a lokacin da jiki ke neman gudu.

Sa'ar Wa?

Wajibi ne kuma mu faɗi abin da masu kirari kan tsallake. Tarihin Kano ya ce Kanajeji yakan aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma su aiko masa da bayi, kuma wannan musaya ta ci gaba ta fuskoki daban-daban har ƙarni na 19. Gaisuwar da Keffi ke kai wa Zazzau ta haɗa da bayi, waɗanda akan kamo a hare-hare kan ƙabilun da ke kewaye. Mutanen Eggon da Mada sun riƙe duwatsunsu ne domin doki ba ya hawa can. Ƙarar ƙaraurawar da ke faranta ran mai kallo a ƙofar fada, a kunnen manomin da ke gindin dutse alamar a gudu ce. Sa'ar da aka rubuta wa baraden fita hari, asarar wani gida ce. A yau jikokin mahayan da jikokin mutanen duwatsu suna zaune a aji ɗaya a jami'a, a jiha ɗaya tun 1996. Tarihin da zai amfane su duka shi ne wanda ya ambaci jaruntar Ɗan Yamusa a gaban Turawa, ya kuma ambaci waɗanda dawakinsa suka tarwatsa wa gidaje.

Kammalawa

Bayan 1903 doki ya bar fagen yaƙi ya koma fagen biki. Turawa sun mayar da hawa abin tarbar manyan baƙi, kamar wanda aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. An sake yin gagarumin hawa a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977, a watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. A tsawon wannan lokaci siffar kayan ta zauna, amma cikinsu ya sauya. Sanholo ya maye gurbin azurfa, roba ta maye gurbin jar fata, kuma da yawa daga cikin layun dokin da ake sayarwa a kasuwa kube ne kawai babu rubutu. Wa'azin da ya ƙarfafa tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ya sa mutane da dama sun guji laya, wasu ma ba sa son a san kakanninsu sun taɓa riƙe ta.

Hukuncin halacci ko haramci na malaman fiƙihu ne. Abin da ya shafe mu a matsayin ɗaliban harshe da adabi shi ne, tsofaffin kayan da suka rage a ɗakunan gidajen sarauta takardun tarihi ne, kuma gara da dillalai suna rige-rigen cinye su. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918 ba tare da izini ba, amma doka ba ta shiga ɗakin da magada ke rabon gado. A. D. H. Bivar ya zagaya fadojin Arewa ya yi nazarin sulke da takubba, ya buga sakamakonsa a 1964. Irin wannan aiki ya kamata a yi wa kayan doki na Keffi da Nasarawa da Lafiya. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri yana iya farawa daga unguwarsu: ya zauna da tsohon baduku ko tsohon zagi, ya rubuta sunan kowane ɗan ƙarfe da kowace igiya, ya tambayi wanda ya ƙera da wanda ya hau da yaƙin da aka je da shi, ya ɗauki hoto da izinin masu gida, ya kuma bar layar a ɗinke yadda ya same ta.